Tun Ran Gini, Ran Zane

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

 Yau maganar gini za mu yi, kuma daga Maiduguri za mu ɗauko ta, domin da wuya ka sami sana'ar da ke ci a Jihar Barno kamar ta birkila da kafinta. Tun shekarar 2015 da gwamnatin jihar ta kafa ma'aikata sukutum don sake gina garuruwan da rikicin Boko Haram ya rusa, ake ta aza harsashi ba ƙaƙƙautawa. Ana cikin haka sai ga ambaliyar watan Satumba na 2024, ta ƙara wa dubban magidanta aikin tada bangon da ya faɗi. Ga kuma 'yan'uwanmu mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal, masu tara taro da sisi suna aikowa gida a kafa musu ɗan wurin sa haƙarƙari in ƙarfi ya ƙare. To, duk wanda ya aza bulo bana, ya riga ya yanke wa 'ya'yansa da jikokinsa irin kwanan da za su riƙa yi har shekara 50 nan gaba. Saboda haka ya kamata a tsaya a yi tambaya: wane irin gida muke ginawa?

Amsar tana nan a fili a kowace sabuwar unguwa, ko ta hanyar Dambuwa ka bi ko ta hanyar Baga. Mutum ya sayi fuloti, abu na farko sai ya kira mai gatari a sare itacen da ya tarar a ciki, wai zai cinye masa fili. Sannan a kawo bulo mai inci 6, wanda cikinsa duk rami ne, a jera, a ɗora kwano, a manna silin dab da kwanon ba tare da an bar wa iska kafar fita ba. A buɗe manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, don masu wucewa a titi su gani su yaba. Abin da ya rage na tsakar gida kuma a malale shi da siminti ko intalok, yadda ko ciyawa ɗaya ba za ta tsiro ba. Zanen gidan kuwa daga Legas aka kwafo shi, ko Abuja, ko daga hoton wani gida na Dubai da aka gani a waya. Ba wanda ya tambayi ta ina rana ke faɗuwa a wannan fili, ta ina hadari ke tasowa, ko kuwa ina ruwa ke bi in an yi ruwan sama mai ƙarfi.

Ita kuwa rana ba ruwanta da zanen Dubai. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki a jere. Kwano ya ɗauki wuta tun hantsi, bulon ba shi da kaurin da zai tare ta, gilashi ya shigo da rana ya hana zafinta fita, simintin tsakar gida kuma ya yi ta huci har bayan lisha. Ɗaki ya koma tanderu. Mai hali ya sayi na'urar sanyaya ɗaki da janareta, ya kama ciyar da su mai kamar wanda ya ƙara aure. Marar hali ya jiƙa zane ya lulluɓa, ya kwana yana juyi. Tsofaffi da jarirai da mata masu ciki su ne ke shan wuyar abin, kuma ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka wa sanƙarau yaɗuwa a irin wannan lokaci.

Gida irin wannan, ransa a jikin wayar lantarki yake rataye. Mutanen Maiduguri sun ga haka da idonsu a shekarar 2021. A watan Janairu 'yan ta'adda suka fasa turakun babban layin wuta da ke zuwa daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, ba a yi mako guda ba suka sake fasawa, gari ya zauna babu wuta kusan shekara ɗaya cur, har da bazarar shekarar da watan azuminta. An buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas a garin a watan Maris na 2023, kuma masu hali sun cika rufin gidajensu da farantan hasken rana. Madalla da wannan. Amma farantin da batirinsa ba kayan mai sayar da ƙosai ba ne, kuma gidan da ba ya zaunuwa sai da fanka, tun ran zane aka cuci mai shi.

Abin takaicin shi ne ƙasar nan ta san gini tun kafin a san siminti. Birnin Gazargamu da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, da fadar Gambaru da ke kusa da shi, har gobe ana ganin kufansu na jan bulo a cikin Jihar Yobe. Kukawa da Shehu Laminu ya kafa a 1814, daga itacen kuka ta samo sunanta. Yerwa kanta, da Shehu Garbai ya zauna a cikinta a 1907, an shata ta da faffaɗan dandali a gaban fada, gidaje kuma kowanne da zaurensa da tsakar gidansa. Magina na wancan zamani ba su da takardar shaida, amma sun san halin ƙasarsu kamar yunwar cikinsu.

Bari mu duba hikimar da ke cikin aikinsu, domin ba tsafi ba ne. Bangon ƙasa mai kaurin kamu guda ba ya barin zafi ya ratsa shi nan take. Zafin da ya buge shi da azahar sai dare ya yi yake isa ciki, saboda haka ɗakin soro yakan yi sanyi da rana tsaka, lokacin da ake bukatarsa. In dare ya yi bangon ya fara amayar da zafin, sai iyali su fito da tabarmi tsakar gida, inda iska ke kaɗawa, ƙasar kuma ta riga ta huce saboda an yayyafa mata ruwa da la'asar. Wato tsakar gida ita ma ɗaki ce, ɗakin kwana na bazara. Da hunturu kuma abin ya juya: bangon ya sha rana da yini, ya ɗumama masu barci da dare. Tagogi ƙanana ne, suna can sama, zafi ya fita ta nan, ƙurar hunturu ba ta samun babbar ƙofa. Magini ya san hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ake fi ba kulawa wajen yaɓe, a sa indararo mai tsawo ya jefa ruwa nesa da gindin gini. Zaure kuma ya tare baƙo, ya tare rana, ya ba maigida wurin hira.

Sai kuma itace. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, kuma an fara dasa shi a lardin Barno wajen shekarar 1928. Da ya karɓi ƙasar sai aka jera shi a bakin tituna, har ya zama duk baƙon da ya shigo Maiduguri inuwar nan ce ke fara yi masa maraba. Itace ne mai jure fari, yana riƙe da ganyensa a bazara, lokacin da yawancin itatuwa suka yi tsirara. Waɗanda suka dasa shi sun san ba su za su sha inuwar ba. Mu da muka gada, mun iya sarewa don faɗaɗa shago ko yin gawayi, ba mu iya mayarwa ba. Alhali kuwa dogon yaro guda biyu a yammacin gida suna yin aikin da fanka ba za ta yi ba, tun da su tare ranar suke yi kafin ta taɓa bango, kuma ba a kawo musu takardar biyan kuɗi a ƙarshen wata. Sharaɗi ɗaya ne, a dasa shi nesa da gini da 'yan taku, don kada saiwarsa ta tsaga harsashi.

To, yaya aka yi muka saki wannan hanya? Dattawa za su tuna shekarun kuɗin man fetur. Aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, a 1975 kuma jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas, wasu suka yi watanni suna jiran a sauke musu kaya. Tun daga lokacin siminti ya zama alamar arziki, ƙasa ta zama alamar talauci. Gwamnati ta gina wa ma'aikata rukunin gidaje iri ɗaya daga bakin teku har bakin Tafkin Chadi, kamar dai ruwan Kalaba da ranar Monguno abu ɗaya ne. Talaka ya ga abin da manya ke yi, shi ma ya bi. Yau in saurayi ya je neman aure aka ji gidan ƙasa zai ajiye amarya, sai ka ga an fara kallon juna. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Na san abin da mai karatu na Gwange zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce: Malam, ran da ruwa ya zo, gidajen ƙasa ne suka fara narkewa. Haka ne. A daren 9 ga Satumba na 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gama a 1986 a kan kogin Ngadda, ta ɓalle. Ruwa ya shiga Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, ya fasa katangar gidan yari, ya kashe dabbobi a gidan namun daji na Sanda Kyarimi. An yi asarar rayuka, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Bangon tubali da ya kwana biyu a cikin ruwa ba ya tsayawa, wannan ba abin musu ba ne.

Amma a duba da kyau. Shekara 30 kafin wannan, a 1994, kogin nan ya yi irin wannan ɓarna, ya nuna wa kowa iyakar gidansa. Maiduguri tana zaune ne a kan tudun yashin nan da masana ke kira Tudun Bama, wanda shi ne tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi a zamanin da tafkin yake kamar teku. Ngadda ya ratsa tudun ya zube a fadamar Jere, inda ake noman shinkafa. Tudu na gida ne, kwari na ruwa ne da gona. Da gari ya cika, musamman bayan da rikici ya koro jama'ar ƙauyuka tun daga 2009, sai aka yi ta yanka filaye a kwari da bakin kogi, aka cike kududdufai aka yi gini a kai, magudanan ruwa kuma suka cika da leda. Fashewar madatsa laifin rashin kula da madatsa ne, kuma dole a gyara ta gyara na gaskiya. Amma wanda ya ba da takardar fili a kan hanyar ruwa, shi ma yana da nasa kason. Gidan siminti a kwari bangonsa ya tsaya, amma katifa da hatsi da takardun makarantar yara duk sun tafi. Darasin ambaliya shi ne a san inda za a yi gini, kuma a ɗaga harsashi. Ba a ce a jefar da ƙasa ba.

Masu ilmin gini na zamani sun riga sun nuna yadda ake haɗa tsohuwar hikima da sabuwar dabara, kuma a maƙwabtanmu suka nuna. A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, wani ɗan garin mai suna Francis Kere ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa da aka gauraya da siminti kaɗan aka matse a inji. Ya yi rufin kwano, amma ya ɗaga shi sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsa da saman ajin, ya kuma zarce da shi waje kamar malafa. Iska tana bi ta tsakani ta kwashe zafin kwanon, malafar kuma ta hana ruwan sama dukan bango. Wannan aiki ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kere a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a duniyar masu zanen gini. A jihar Tawa ta Nijar, masallacin Juma'a na Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci lambar Aga Khan tun 1986. A garin Dandaji kuma, cikin wannan jiha, Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Duk waɗannan wurare ne masu zafi da ƙarancin ruwan sama irin na Barno.

Ko a nan gida an fara ɗan taɓawa. Garin Ngarannam da ke ƙaramar hukumar Mafa, wanda rikici ya tarwatsa, gwamnatin jiha da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sake gina shi, aka buɗe a watan Oktoba na 2022. Wadda ta yi zanen, Tosin Oshinowo, daga Legas take, amma kafin ta ja layi sai da ta zauna da mutanen garin ta ji yadda suke zama, ta mayar wa kowane gida zaurensa, ta yi wa kasuwa rumfuna masu inuwa. In 'yar Legas za ta zo ta tambayi Barebari yadda suke son gidansu, ina dalilin da ɗan Barno zai je Legas ya kwafo gidan da ba a yi don shi ba?

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, kada a ce tun da kakanni sun yi jan bulo, kowa ya kafa matoya. Gasa bulo itace yake ci, Barno kuwa ba ta da itacen da za ta ƙona, tana ma cikin jihohi 11 da ake dasa katangar itatuwa don tare hamada. Matsattsen bulo ba ya bukatar wuta, inuwa da ɗan yayyafi kawai yake so har ya yi ƙarfi. Na biyu, ba kowace ƙasa ke yin bulo ba. Baƙar laka ta firƙi da ke gabashin jihar kumbura take yi da damina ta tsage da rani, yashin tudu kuma ba ya kama jikinsa. Sai an auna, an san gwargwadon da za a gauraya. Wannan aikin Jami'ar Maiduguri ne da Kwalejin Fasaha ta Ramat, tare da cibiyar binciken gini da hanyoyi ta tarayya da aka kafa tun 1978, wadda ta daɗe da ƙera injin matse bulo. Su auna ƙasar kowace ƙaramar hukuma, su rubuta sakamakon da Hausa da Barbarci yadda birkila zai gane.

Ga kuma maganar aljihu. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000, kuma kowane buhu sai ya hau mota daga Ashaka ko inda ya fi nan nisa kafin ya iso. Ƙasa kuwa tana nan ƙarƙashin ƙafarmu. Kuɗin da za a kashe wajen haƙarta da tankaɗe ta da matse ta, a hannun samarin garin zai tsaya, samarin da rashin aikin yi ya riga ya nuna mana irin abin da yake haifarwa. Simintin da aka rage sai a zuba shi inda ya fi amfani, wato a harsashi da gindin bango, a ɗaga su kamar ƙafa 2 ko 3 sama da titi, yadda ruwa zai zo ya wuce bai taɓa tubali ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Barno, da girmamawa. Gwamna Babagana Umara Zulum, da ya hau mulki a 2019, injiniya ne, ya shugabanci Kwalejin Ramat, kuma shi ne kwamishinan farko na ma'aikatar sake gina garuruwa, don haka ba baƙo ba ne a wannan magana. Ranka ya daɗe, talaka ba zai yarda da bulon ƙasa ba sai ya ga gwamnati ta yi amfani da shi. A gina makarantu da ɗakunan shan magani da shi, a bar jama'a su shiga da azahar a watan Afrilu su ji bambanci da jikinsu. Hukumar tsara birni kuma ta shata iyakar kogi da jan fenti, kada a sake ba kowa takardar fili a ciki komai girmansa, waɗanda ke ciki a sama musu tudu a biya su hakkinsu. Kada a amince da zanen gida sai an ga inda aka bar wa itace biyu wuri, da kason tsakar gida da ba a rufe da siminti ba, don ruwan sama ya sami inda zai nutse. Masu unguwanni da limamai su taya da wa'azi, tun da dasa itace sadaka ce mai gudana.

Ku kuma 'yan'uwa masu aiko da kuɗi daga Kudu, kafin ku tura wa ƙaninku kuɗin bulo, ku yi masa tambayoyi ta waya. Filin nan tudu ne ko kwari, kuma ina ruwa ya tsaya a 2024? Ku ce a miƙar da gidan daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa suna fuskantar juna don iska ta ratsa, bangon yamma a bar shi da kauri ba babbar taga. Ku ce a ɗaga rufi, a bar kafar iska tsakanin kwano da silin, a zarce da kwanon waje ya yi wa bango inuwa, in da hali a shafa masa farin fenti. Ku ce kada a taɓa itacen da aka tarar, a ƙara dasa wani ran da aka haƙa harsashi, kafin a gama gini ya fara tasawa. Yawancin waɗannan ba su ƙara ko kwabo a kan kuɗin gini, tunani kawai suke so, kuma sai kafin a fara ake yinsa. Bayan an ɗora kwano, sai dai haƙuri.

Allah Ya ba Barno zaman lafiya mai ɗorewa, Ya sa mu gina abin da jikoki za su shiga su yi mana addu'a. Sai wani makon, in Allah Ya kai mu.